Jeri na Tara

Alsawra, Umdurman
Lahadi, 6 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mahaifinki Alhaji Mainasara da duk mutanen gida a Kano. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanwata Kande, wadda muke zaune a gidanta, tana fama da ƙafa. 'Yata Duha lafiyarta lau, sai dai rama.

Ba ki san ni ba, ni ma a hoto kawai na san ki. Ni ne Hamuda ɗan Ɗantsoho. Ubana da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ne wanda ya fito Hajji da ƙafa, ya tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira nan Sudan don ya huta wata biyu, har Allah ya karɓi ransa bai gama hutawar ba. To ni baffanki ne, ko kin so ko kin ƙi. Da baƙaƙen Larabci nake rubuta Hausar nan, ubanki ya ce kina iya karantawa. Duha ce take ɗaukar hoton takardar ta tura in shabaka, wato layin intanet, ta samu. Kada ki turo mini murya. Tun ranar da dana, wato bam, ta faɗi bayan shagona, kunnuwana suka zama na ado.

Ga abin da ya sa na neme ki. Ɗana Muntasir ya rasu a wata na biyu na yaƙin nan, yana da shekara ashirin da huɗu. Babu hanyar maƙabarta a lokacin. Ni da mutum biyu muka binne shi a gindin darbejiyar da ke bayan shagona na gyaran keke, kusa da kasuwar Suk al-Shabi a Hartum, washegari muka tsallako Umdurman. Da hanya ta buɗe bana na koma, na tarar an ƙara kabari biyu a gefensa, ban san masu su ba. Nasa ne wanda ya fi kusa da itacen.

Yanzu ana bi unguwa-unguwa ana tono waɗanda aka binne a tituna, ana mayar da su maƙabarta. Wanda danginsa suke tsaye a wurin, a rubuta sunansa. Wanda babu kowa, lamba ake ba shi. Sau biyu ina kafa allo da sunan Muntasir, masu neman itacen girki suna cirewa. Na tambayi ranar da za a iso layinmu, babu wanda ya sani, su kansu masu aikin sai da safe ake gaya musu inda za su. Ba na so ɗana ya zama lamba, 'yata. Tsoron da nake kwana da shi ke nan.

Dole in riƙa kasancewa a can kullum da sassafe. Da hafila, wato motar haya, sai na canza uku, in isa bayan azahar, in ma na samu. Zama a can ba ya yiwuwa, shagon ba rufi, layin ba ruwa. Fetur kuwa sai dai a ba ka labarinsa.

Shi ya sa na haɗa babur. Gangar jikin wani tsohon babur ce na cire wa inji. Maƙwabcina Salahuddin ya ciro mini tayar baya daga wani keken lantarki da aka sace wa batir, injin yana cikin cibiyarta, an rubuta 48 a jikinsa. Ya haɗa mini da wani ɗan allo kore mai wayoyi goma sha huɗu. Batir ne babu. Tafiyar kilomita ashirin da uku ce. In na isa, akwai Hanadi mai shayi a bakin kasuwa, tana da sola, ta ce in riƙa caji a wurinta.

Ubanki ya ce batir sana'arki ce. Ni shekara talatin ina gyaran keke, abin da ido yake gani nake ganewa, wannan kuwa wuta ce a ɓoye. Ki koya mini da Hausa mai sauƙi.

Baffanki,
Hamuda

Kano
Laraba, 9 ga Yuli

Baffa Hamuda,

Wa alaikumus salam. Sau uku na karanta takardarka, na farko don in saba da hannunka, sauran kuma don na kasa ajiye ta. Allah ya jiƙan Muntasir, ya ba ku haƙuri. Baba ya yi hawaye da na karanta masa. Ya ce a gaishe da Gwaggo Kande da jiki. Mu nan lafiya, damina ta kankama.

Batirin da kake so haɗa shi ake yi. Ka nemi tsofaffin batiran kwamfutar hannu. In ka fasa robar a hankali za ka ga ƙwayoyi kamar na tocila, sun ɗan fi su tsawo, yawanci shida a kowane. Saba'in da takwas kake buƙata. Za ka yi jeri goma sha uku, kowane jeri ƙwaya shida. A cikin jeri ɗaya, kai da kai ake haɗawa, gindi da gindi. Tsakanin jeri da jeri kuma, kan wannan ya kama gindin na gaba. Na zana maka a shafi na biyu.

Ɗan allon koren shi ne mai gadi. Yana leƙa kowane jeri, in ya ga abin da bai yi masa ba sai ya yanke wutar gaba ɗaya. Kada ka cire shi ko da ya ba ka haushi, Baffa, domin abin nan in ya kama da wuta ba a shawo kansa da bokitin ruwa.

Kafin ka haɗa, ka yi wa kowace ƙwaya caji ka sa mata mitar auna wuta. In ta nuna huɗu ko da ɗan ɗoriya, ta tsallake gwajin farko. Sai ka ɗaura mata ƙaramin ƙwan fitila ka ga tsawon lokacin da za ta riƙe shi. Wadda ta yi saurin dusashewa ka ware ta. Wajen dalma kuma kada ƙarfen ya daɗe a kan ƙwaya, taɓawa za ka yi ka ɗauke.

Ban taɓa koya wa kowa aikin nan ta takarda ba, kuma gaskiya ina tsoron kuskure. Duk abin da ya shige maka duhu ka tambaye ni kafin ka taɓa.

'Yarka,
Tayyiba

Alsawra
Alhamis, 24 ga Yuli

'Yata Tayyiba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar Kande ta ɗan saki. Ki yi haƙuri da shirun, shabaka ce ta ɗauke kwana biyar, sauran kwanakin kuma ina kan aiki.

Mu nan in mutum zai yi rufin ɗaki, nafir ake kira, abin da ku kuke ce wa gayya. Salahuddin ya faɗi buƙatata a masallaci bayan la'asar, kafin kwana uku tabarmata ta cika. Mutane sun dawo gidajensu sun tarar da kwamfutoci a farfashe, amma batiran suna nan. Hajja Sittana ta kawo na jikarta da ke Masar. Ustaz Abdullah ya kawo biyu a cikin hular sallarsa. Wata mata da ban taɓa yi wa magana ba ta ajiye nata a bakin ƙofa ta ce, “Don Muntasir,” ta juya. Na rubuta sunan kowane gida don kada alherin kowa ya ɓace. Mu nan duwatsu muke kiran ƙwayoyin naku, kada ki rikice in na ce haka.

Na yi musu caji a solar Salahuddin, mita ta nuna huɗu a kowane. Gwajin ƙwan fitila ma na yi. Na bi zanenki layi-layi. Na ƙera akwati da katakon wata tsohuwar durowa, na shimfiɗa masa robar tayar keke a ciki. Da na gama, mita ta ce hamsin da huɗu.

Ranar Litinin da safe na hau. Duk layin sun fito, mata har da guɗa. Sun ce ba ya ƙara ko kaɗan. Ni dai duk babura yanzu haka suke a wurina. Na bi titi iska tana kaɗa jallabiyata, wallahi rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin yaƙi.

Ina isa kusa da mahaɗar Shuhada, tun kafin in hango kubri, wato gadar da ake tsallakawa Hartum, sai ya mutu. Ba hayaƙi, ba wari, ba zafi. A gaban wani gidan burodi. Na sauka na sa mita, ta ce arba'in da tara. To a jikin injin arba'in da takwas aka rubuta. Ashe ke nan ma da rara. Na zauna na sha ruwa, na sake murɗawa, ya tashi, ya yi tafiyar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba, ya sake mutuwa. Haka na turo shi kilomita takwas zuwa gida, mutanen da suka yi mini guɗa da safe suna kau da kai don kada in ji kunya.

Talata na cika shi taf na sake fita. A gaban gidan burodin nan ya mutu. Mai burodin ya ga na dawo ya ce, “Ya hajj, in burodi kake so ka faɗa kawai.”

Kande ta ce wurin ne, an yi mutuwa da yawa a mahaɗar nan. Ustaz Abdullah ya kawo ruwan rubutu a yayyafa wa akwatin, na ce masa abin nan ba ya shiri da ruwa, sai ya tofa masa addu'a daga nesa. Ni na rasa wanda zan gaskata. Yaya tulu zai ce a cike yake, ka karkata shi kuma ya hana ka ruwa? Jiya da hafila na je, na isa da la'asar, kabarin yana nan.

Baffanki,
Hamuda

Kano
Lahadi, 27 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan gajiyar turi ta sake ka. Na ji daɗin sauƙin Gwaggo.

Ni ma kaina ya kulle. Na zauna da biro na lissafa sau biyu, ko tsofaffi ne ƙwayoyin ya kamata su kai ka kilomita talatin da ɗoriya. Na nuna wa abokan aikina a shago. Ɗaya ya ce wayoyin sun yi siriri, ɗaya ya ce allon ne ya lalace tun a hannun ɓarayi, na ukun ya ce wataƙila Baffanki ya cika nauyi. Na ce masa ban taɓa ganinka ba, amma ban ji alamar akwai mai ƙiba a Umdurman bana ba.

Ka taɓa allon koren da zarar ya tsaya, ka gaya mini ko da ɗumi. Ka canza manyan wayoyi biyun da suka fito daga akwatin, ka sa masu kauri. Sannan ka gwada wata hanyar da ba ta bi ta gidan burodin ba, don hankalin Gwaggo ya kwanta, nawa ma haka. Kuma don Allah Duha ta buɗe murfin ta ɗauko mini hoto daga sama, da rana, in ga komai.

Ka ce ka yi gwajin ƙwan fitila, amma ba ka ce mini guda nawa ka ware ba.

'Yarka,
Tayyiba

Alsawra
Talata, 5 ga Agusta

'Yata,

Muna lafiya, sai ruwan sama da ya cika mana tsakar gida. Ina fatan ku ma lafiya.

Na yi duk abin da kika ce. Allon ba ya ɗumi. Na sa wayoyi masu kaurin ɗan yatsa. Na juya baya ga Shuhada na nufi arewa, hanyar Karari, inda babu gidan burodi ko ɗaya. A kilomita takwas ya mutu, a tsakiyar fili, wata jaka tana kallona. Na dawo na gaya wa Kande cewa ba wurin ba ne, sai ta ce to sun biyo ni ke nan.

Maganar nauyi ma na gwada, ki gaya wa abokin aikin naki. Na cire kujerar baya da madubi da marikin kaya. Na ɗora Duha, wadda iska mai ƙarfi take iya turewa, ta yi kilomita tara. Salahuddin ya ce mu cire allon mu haɗa kai tsaye, na ce 'yata ta hana. Muka yi musu har ya tafi bai sha shayinsa ba.

Wani lokacin sai in ga kamar ni ne ban iya karanta mitar ba. In duba, in goge gilashina, in sake dubawa. Arba'in da tara, kullum.

Hanadi mai shayi ta aiko wa Duha saƙo cewa masu tonon sun shiga unguwar Sajjana. Daga Sajjana zuwa shagona mutum yana zuwa da ƙafa. Sau biyu a mako nake iya zuwa da hafila, sauran kwana biyar ɗin ina nan ina kallon akwatin katako. Ga hoton da kika ce.

Hamuda

Kano
Laraba, 6 ga Agusta

Baffa,

Ina gaisuwa. Hoton ya iso, aikinka ya fi na wasu masu shago tsafta. Amma akwai abin da ya tsayar da ni. Na ga farar takarda manne a kan kowane jeri. Na ƙara girman hoton na karanta: gidan Hajja Sittana, gidan Ustaz Abdullah sau biyu, gidan Hamid. Baffa, ƙwayoyin kowane gida ka tara su wuri ɗaya, a jeri ɗaya?

In haka ne, laifina ne da ban faɗa ba. Mu a nan a buhu ake kawo mana su a cakuɗe, ban taɓa tunanin ƙwaya tana da gida ba. Ka gane, ƙwayoyin kwamfuta ɗaya tare suka tsufa. Mu rarraba su muke yi, kowane jeri ya sami masu ƙarfi da masu rauni daidai da ɗan'uwansa. In jeri ɗaya duk gajiyayyu ne, shi zai fara ƙarewa, mai gadi ya gani ya yanke wuta, alhali sauran goma sha biyun suna nan da cajinsu. Mitarka jimilla take gaya maka, shi ya sa take ruɗa mu.

Ka hau har ya mutu. A nan take, kafin ya huta, ka auna kowane jeri shi kaɗai ka rubuto mini. Na tara ne kawai ban ga suna a kansa ba, ko takardar ce ta faɗi?

Tayyiba

Alsawra
Juma'a, 8 ga Agusta

'Yata,

Lafiya muke. E, gida-gida na jera su. Kin ce shida-shida, na ga kowane batir shida ne a cikinsa, na ce Allah ya sauƙaƙa. Kuma mutum in ya zo duba aikin yakan tambaya ina nasa, in nuna masa.

Na auna. Goma sha biyu sun nuna uku da ɗigo takwas ko tara. Na tara ya nuna biyu da ɗigo takwas.

Babu wata dabara da za a yi masa a inda yake?

Hamuda

Kano
Asabar, 9 ga Agusta

Baffa,

Alhamdu lillahi, mun kama ɓarawon. Har rawa na taka a shago. Babu wata dabara, waɗannan shidan matattu ne, ko an rarraba su ma ja da sauran baya za su yi. Ka yanke su ka jefar, ka nemo shida masu rai ka sa a gurbinsu. Aikin yini ɗaya ne. Sauran jerin tun da sun yi kusa da juna a lamba, ka bar su yadda suke, babu lokacin warwarewa.

Na san abin da kake jin nauyi. Ko gidan waye, ka ba su haƙuri, za su gane. Ina jiran labarin ka tsallaka gada.

Tayyiba

Kano
Lahadi, 17 ga Agusta

Baffa,

Ina gaisuwa. Kwana takwas ke nan. Waya ta nuna mini takardata ta isa kuma an buɗe ta. Lafiya dai? Na koma na karanta abin da na rubuta, ban ga inda na yi rashin kunya ba, amma Baba ya ce bakina yakan riga hankalina. In maganar rawa ce, ka yafe mini, murna ce ta yi mini yawa. In kuma shidan ne ba a samu ba, ko na injin huda bango suna yi. In mai gidan ne kake jin kunya, ka ce masa ni ce na ce, ni ina nesa, fushinsa ba zai iso ni ba.

Ko kalma ɗaya ce ka rubuto. Na rasa abin da zan zata.

'Yarka,
Tayyiba

Alsawra
Alhamis, 21 ga Agusta

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ni ce Duha. Ki yi haƙuri da Hausata, rabinta Larabci ne. Yaba, wato babana, lafiyarsa lau, bai san ina rubuto miki ba.

Jeri na tara ba na maƙwabta ba ne. Na kwamfutar Muntasir ne. Ita kaɗai muka fito da ita daga Hartum, ni na ɗauko ta a cikin zani. Shekara biyu tana ƙarƙashin gadon Yaba. Ina zaune ranar da ya yi musu gwajin fitila. Kafin in gama zuba shayi hasken ya yi ja ya mutu, duk shidan haka. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sa su a tsakiyar akwatin. Na ce, “Yaba, ba Yaya ta ce a ware ba?” Ya ce, “Shi zai kai ni wurinsa. Ba zan hau alherin kowa da kowa in bar nasa a gida ba.”

Da na karanta masa takardarki da ƙarfi a kunnensa bai yi fushi ba. Ya ce in sake karanta layin da kika ce a jefar, na sake, ya tashi ya fita. Tun ranar yake ta dabaru. Yana yi wa jerin caji shi kaɗai. Ya naɗe shi da tsumma mai sanyi. Jiya ya ƙara masa waya ta biyu. Kullum ya fita, kullum ya dawo da turi. Ammu Salahuddin, maƙwabcinmu, ya kawo shida masu kyau tun makon jiya, suna nan a cikin kwano a kan taga, bai taɓa su ba.

Ranar Lahadi ya je da hafila, kabarin yana nan. Amma wayar Hanadi ba ta shiga tun Talata. Ni ina tsoro, Yaya. Ke yake jin maganarki, don ba kya gabansa balle ya ga fuskarki.

Ƙanwarki,
Duha

Kano
Juma'a, 22 ga Agusta

Baffa Hamuda,

Na san na waye jeri na tara yanzu, kada ka yi wa Duha faɗa. Na yi kuka, kuma na ji kunyar kalmar da na rubuta. Ka yafe mini.

Amma ba zan yi maka ƙarya don in faranta maka ba. Ba za su kai ka ba, Baffa. Na so a ce akwai hanya, na kwana biyu ina nema tun kafin in san dalili, babu. Kada ka jefar da su. Ka yanke ƙarfen daga gefe, ba sai ka taɓa su da wuta ba, za su fito lafiyarsu. Ka sa na Malam Salahuddin. Don Allah gobe, kada ka kai jibi.

'Yarka,
Tayyiba

Alsawra
Asabar, 6 ga Satumba

'Yata Tayyiba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da mahaifinki. Mu nan lafiya. Babu abin da kika yi mini da zan yafe.

Na yanke su ranar Asabar, washegarin takardarki, kamar yadda kika ce, daga gefe. Lahadi na yi caji. Litinin na fita bayan sallar asuba. Na wuce gidan burodin ina jira ya mutu, bai mutu ba. Mai burodin ya fito yana ɗaga mini hannu biyu. Na hau kubri, na ga ruwan ya cika ya yi ja, na sauka Hartum rana ba ta yi zafi ba. Da na tsaya na sa mita, da sauran caji mai yawa.

Gindin darbejiyar a share yake. Rami uku, an mayar da ƙasa an daidaita.

Hanadi ta ce ranar Alhamis masu tonon suka zo, da hantsi. Kwana huɗu kafin ni. Wayarta ta faɗa ruwa, ta rasa ta inda za ta same mu. Ta ce sun tsaya sun tambaya ko akwai mai su, sun jira, ta gudo daga wurin shayinta don ta gaya musu, ta tarar sun riga sun sa su a mota. Ba su yi laifi ba, aikinsu suka yi, kuma ta ce da mutunci suka ɗauke su. Na tsaya a wurin ban san tsawon lokacin ba. Na ƙirga kwanakin tun daga takardarki ta tara ga Agusta, na sake ƙirgawa, duk yadda na juya su amsar ɗaya ce. Baƙin cikin nan nawa ne, ni na saya da hannuna.

Na bi su har maƙabartar, tana kudu da gari. Mai littafin ya buɗe mini. Lamba uku a jere, a gaban kowace an rubuta namiji, gindin itace, bayan kasuwa. Na ce wanne ne ya fi kusa da itacen? Ya duba, ya ce ba a rubuta ba. Ya ce wataƙila nan gaba a yi wani gwaji na jini, bai san yaushe ba. Ya kai ni ya nuna mini su, uku, kafaɗa da kafaɗa.

Ranar farko na tsaya a kan na dama, zuciyata ta ce shi ne. Washegari ta ce na tsakiya. Yanzu na daina tambayarta. Ina zama daga wajen ƙafafunsu in karanta wa duka ukun, in zuba wa duka ukun ruwa. Sauran biyun ma dai 'ya'yan wasu ne, kuma ban ga kowa ya zo musu ba.

Babur ɗin yana tafiya lafiya lau. Kullum nake zuwa, in tsaya wurin Hanadi in yi caji, in dawo kafin la'asar. Bai sake tsayar da ni ba ko sau ɗaya. Mutanen layi suna murna, kowa yana cewa nasa ne ya fi ƙarfi. Ki gaya wa ubanki 'yarsa ta iya aikinta.

Tambaya ɗaya ta rage. Shidan nan suna nan, na naɗe su a hankici, suna aljihun jallabiyata. Duha ta ce zafin jiki da na rana ba shi da kyau a gare su. Ki rubuto mini inda ya kamata in ajiye su, da yadda ake yi don su daɗe.

Baffanki,
Hamuda